Gyara ko Sayen Sabuwa: Lissafin da ke Gaban Masu Situdiyo Idan Amfilifayar Hedfon ta Lalace

Daga wakilinmu mai kula da harkokin ciniki da masana'antu

LEGAS — A cikin dukkan kayan aikin da ake jibgewa a ɗakin ɗaukar sauti, da wuya a sami wanda ake rainawa kamar ɗan akwatin nan da ake kira amfilifayar hedfon. Ba ta da kwarjinin miksa, ba ta da tsadar makirfo, galibi ma a ƙarƙashin tebur ake cusa ta cikin tarin wayoyi. Amma ranar da ta yi shiru, ko ta fara gurnani, mawaƙi ba zai ji kiɗan da zai bi ba, mai ɗora murya a fim ba zai ji maganar da yake fassarawa ba, mai gabatar da shiri a gidan rediyo kuma ba zai ji wanda ya bugo waya ba. Aiki ya tsaya ke nan, alhali kuɗin hayar ɗaki da albashin ma'aikata da man janareta ba su tsaya ba.

A irin wannan rana mai situdiyo kan tsinci kansa tsakanin shawara biyu: ya ɗauki akwatin ya nufi wurin mai gyara, ko ya rufe ido ya shiga kasuwa ya sayo sabuwa. Shekaru kaɗan da suka wuce, da yawa ba sa ma tsayawa tunani, sabuwa suke saye. Yanzu lissafin ya canza, kuma canjin kuɗi ne ya canza shi.

A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canjinsa wuri guda, ya sassauta riƙon da yake yi wa farashin naira. Dalar da ake sayarwa a hukumance kan kimanin naira 460 ta haura naira 700 cikin makonni kaɗan, kafin watan Fabrairun 2024 ya ƙare kuma ta zarce naira 1,500. Gaskiya ne yawancin 'yan kasuwar da ke shigo da ƙananan kayan lantarki ba sa samun dala a farashin hukuma tun asali, a hannun 'yan canji suke saye kan naira ɗari bakwai da ɗoriya, amma ko da wannan ma'auni aka bi, kuɗin da suke biya ya ninka. Tun da kuwa kusan duk wata amfilifaya da ke kan kanta a kasuwar Alaba ta Legas daga waje aka shigo da ita, farashinta dala yake bi. Ladan mai gyara shi kuma da naira ake yanka shi. Ya tashi, babu shakka, domin hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamban 2024 bisa ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, amma bai yi tsallen da kayan waje suka yi ba. Ma'ana dai, idan aka auna gyara da sayen sabuwa, gyara ya fi araha a bayan faɗuwar naira fiye da yadda yake kafinta.

Sai dai wannan ba ya nufin kowace amfilifaya ta cancanci gyara. Kafin a yi maganar kuɗi, dole a fara sanin abin da ya lalace, kuma a nan ne aka fi tafka asara, domin sau da yawa akwatin da aka yanke wa hukunci ba shi ne mai laifi ba.

A fara daga waje

Aikin amfilifayar hedfon mai sauƙin fahimta ne. Tana karɓar sauti marar ƙarfi daga miksa ko kwamfuta, ta ƙara masa ƙarfin da zai motsa ƙananan lasifikokin da ake ɗorawa a kunne, a situdiyo kuma ta raba shi ga mutum huɗu ko takwas, kowa da maɓallin ƙara muryarsa. Saboda haka sarƙa ce mai gaɓoɓi biyar: abin da ke fitar da sautin, wayar da ta kawo shi, wutar da ke shiga akwatin, akwatin kansa, sai hedfon ɗin. Kowace gaɓa tana iya kawo matsala iri ɗaya, huɗu daga cikinsu kuma ba sa bukatar a kwance ko da noti guda kafin a gwada su.

Idan kunne ɗaya ne ya mutu, abu na farko shi ne a cire hedfon ɗin a jona shi a wayar hannu ko a rediyo. In har can ma kunne ɗaya yake yi, magana ta ƙare. Wayar hedfon ce ta tsinke daga ciki, yawanci dab da fulogi inda take yawan lanƙwashewa. Idan kuwa ya yi lafiya lau, sai a koma bayan amfilifaya a musanya wayoyin shigar sauti, ta hagu a mayar dama, ta dama a mayar hagu. Mutuwar ta bi waya ta koma ɗaya kunnen? To matsalar tana can baya, a waya ko a miksa. Ta tsaya a inda take? A nan ne kawai zargi ya fara hawa kan akwatin.

Akwai kuma wani kuskure da ake yawan yi wanda bai kai a kira shi lalacewa ba. Fulogin hedfon mai faɗin milimita 6.35 yana da baƙaƙen zobba biyu a jikinsa, wanda ake jona jita da shi kuma zobe ɗaya gare shi, alhali girmansu ɗaya, kowanne yana shiga ramin ɗan'uwansa. Idan aka cusa mai zobe ɗaya a ramin hedfon, ɓangaren dama zai haɗe da layin ƙasa ya yi shiru, a wasu na'urorin ma ya ɗumama har ya ƙone. Haka nan 'yan kawunan nan masu arha da ake ɗora wa ƙaramin fulogi na milimita 3.5 don ya shiga babban rami, su ne tushen ƙarar-ƙarar da yawa da ake ɗora wa amfilifaya.

Wani ƙorafin da ake yawan ji shi ne cewa amfilifaya ta yi sanyi, ko an murɗa maɓalli har ƙarshe sauti ba ya tashi. A tambaya tukuna ko an canza hedfon kwanan nan. Hedfon suna da bambancin nauyin da suke ɗora wa amfilifaya, wanda ake aunawa da ma'aunin om. Samfurin DT 770 na kamfanin Beyerdynamic, alal misali, ana sayar da shi a om 32 da 80 da kuma 250, kamanninsu kusan ɗaya. Kafin mai om 250 ya sami ƙarfin wutar da mai om 32 ke samu, sai an ba shi bolt kusan ninki uku. Ƙaramar amfilifaya ba za ta iya ba. Lafiyarta ƙalau, kaya ne kawai aka ɗora mata wanda ya fi ƙarfinta, kuma babu mai gyaran da zai warkar da wannan.

Sai adafta, wato ɗan tubalin nan da ake jonawa a bango. Ƙananan amfilifayoyi irin su HA400 ta kamfanin Behringer, mai ramuka huɗu, da adafta mai bolt 12 suke aiki. Adafta kan mutu ta bar akwatin da ransa, kuɗinta kuma bai taka kara ya karya ba. Amma a kula wajen maye gurbinta. Ba bolt kaɗai ake dubawa ba, har da irin wutar da take fitarwa, domin wasu amfilifayoyin wuta mai kai-komo suke so, wasu mai tafiya hanya ɗaya, sannan a duba wane gefen fulogin ne ke ɗauke da wutar. Duk waɗannan a rubuce suke a bayan akwatin. Yaron situdiyo da ya ciro adaftar wata na'ura ya jona don ramin ya yi daidai, shi kan mayar da matsalar naira dubu kaɗan ta zama ta dubbai masu yawa.

Abin da ƙara ke faɗa

Idan gwajin waje ya wanke waya da hedfon da adafta, ƙarar da akwatin ke yi ita za ta nuna inda za a duba. Ƙarar da ke tashi kamar ana yaga takarda duk lokacin da aka murɗa maɓallin murya alama ce ta datti ko tsatsa a cikin maɓallin. A Legas danshin teku ne ke kawo ta, a Kano da Kaduna ƙurar hunturu. Fesa maganin wanke irin waɗannan maɓallai kan kawar da ita, in ta dawo a canza maɓallin. Sautin da ke ɗaukewa ya dawo idan aka girgiza fulogi kuwa, dalmar da ta riƙe ramin a jikin fanel ce ta tsage saboda yawan cusawa da zarewa. Aikin minti kaɗan ne ga mai ƙarfen liƙi.

Gurnani mai kauri da ba ya yankewa shi ya fi ruɗa mutane, domin iri biyu ne. A zare duk wayoyin da ke shiga akwatin a bar wuta da hedfon kawai. Idan gurnanin ya ɓace, daga haɗin na'urorin yake, wato an jona miksa a soket ɗaya, amfilifaya a wani, layukan ƙasansu suka sami bambanci, wutar gida mai kai-komo sau 50 a daƙiƙa ta kutso cikin sauti. Maganinsa a tattara na'urorin a soket guda ko a sa 'yar na'urar raba layi a tsakani. Wasu kan karya ƙafar fulogi ta uku don su huta, kuma gurnanin kan tafi, amma wannan ƙafa ita ce ke hana wuta ta bi jikin akwatin ta kama wanda ya sa hedfon a kansa. Idan kuwa gurnanin ya ci gaba bayan an zare komai, kuma muryarsa ta ɗan fi kaifi, to kwandansojin da ke tace wuta ne suka bushe. Sau da yawa ido ma yana gani: kansu ya kumbura, ko wani ruwa ya tsattsafo ya bushe a gindinsu.

Ya kamata a ɗan tsaya kan waɗannan kwandansoji, domin su ne suka fi saurin tsufa a cikin akwatin, kuma zafi ne ke tsufar da su. Masu ƙera su kan rubuta cewa za su yi, alal misali, awa 2,000 a zafin digiri 85, ƙa'idar da injiniyoyi ke bi kuma ita ce duk ragin digiri 10 yana ninka tsawon ransu. Ke nan idan cikin akwatin yana tsayawa a digiri 45, za su kai awa 32,000, kusan shekara tara ga mai aikin awa goma a kullum. Idan ya hau digiri 55, saboda an danne akwatin a ƙarƙashin wata na'ura a ɗakin da aka toshe don kada sauti ya fita, kuma aka kashe na'urar sanyaya ɗaki don tsimin mai, sai ran ya koma rabi, shekara huɗu da 'yan watanni. Tsimin da aka yi a wajen mai, a wani ɓangare, a wajen gyara ake biyansa. Idan za a canza su, a nemi masu lambar digiri 105. Bambancin kuɗin kaɗan ne.

Alama ɗaya ce ke bukatar a kashe na'ura nan take: ƙara mai ƙarfi kamar fashewa lokacin da aka jona hedfon, ko hedfon ya ɗumama a kunne, ko a ji ƙauri. Wannan yana nuna wuta tsagwaronta na kwarara zuwa hedfon, kuma tana iya ƙona shi, alhali sau da yawa hedfon ya fi amfilifayar tsada. Mai gyara zai tabbatar da haka da mita cikin minti ɗaya, domin a lafiyayyar na'ura abin da mita za ta nuna a ramin hedfon, idan babu sauti, ɗan ƙanƙanen abu ne da bai kai kusa da bolt ɗaya ba. Mai laifin galibi aisi ce, 'yar baƙar ƙwaya mai ƙafa takwas irin su NE5532 da 4558, waɗanda aka fara ƙerawa tun shekarun 1970 kuma har yanzu ake samunsu a shagunan kayan gyara. Amfilifayar da ke da tiransifoma a cikinta, wadda wutar bango ke shiga kai tsaye, ba abin da mai shago zai buɗe da kansa ba ne. Manyan kwandansojinta suna riƙe wuta ko bayan an zare fulogi.

Lissafin kuɗin

Akwai ƙa'idar da aka saba ji cewa idan kuɗin gyara ya wuce rabin kuɗin sabuwa, a sayi sabuwa. Ba ta da laifi a matsayin mafari, amma a ƙasashen da ladan ma'aikaci ke da tsada kuma kaya ke da arha aka ƙirƙiro ta, inda awa ɗaya ta mai gyara ta fi kuɗin ƙaramar amfilifaya. A nan lamarin a juye yake. Ƙa'idar kuma ta bar abubuwa biyu a waje, waɗanda a ganina sun fi kuɗin gyaran kansa nauyi: kwanakin da aiki zai tsaya, da shekarun da suka rage wa na'urar bayan gyara.

Mu ɗauki misali da alƙaluman da muka ƙaddara don bayani kawai. Sabuwar amfilifaya naira 120,000, gyara naira 25,000. A ido, gyara ya ci da tazara. Amma idan situdiyon yana samun ribar naira 30,000 a rana, mai gyara kuma ya riƙe akwatin kwana biyar yana neman kayan da zai sa, an yi asarar naira 150,000 ban da kuɗin gyaran, wato fiye da kuɗin sabuwa. Idan kuwa akwai wata ƙarama a ajiye da za a riƙa lallaɓawa da ita, waccan asara ta kau, gyara ya koma shi ne mafi riba. Abin da wannan ke nunawa shi ne, ga mai sana'a, amsar sau da yawa ba ɗaya daga cikin biyun ba ce: a sayi ƙarama mai arha yau don aiki ya ci gaba, a kai babbar gyara ba tare da gaggawa ba. Wanda ba ya cikin gaggawa shi ke iya yin ciniki da mai gyara.

Batun shekarun da suka rage kuwa ya danganta da irin ciwon. Canza maɓalli ko sabunta dalma ko sauya dukkan kwandansoji yana mayar da na'ura kusan sabuwa. Fanel da ya ƙone har ya yi baƙi, ko wanda ruwa ya shiga ya ci layukansa, ko da ya tashi yau ba abin dogara ba ne. A raba kuɗin kowace hanya da shekarun da ake sa ran za ta yi, sai a kwatanta. Gyaran naira 25,000 da zai kai wata shida ya fi sabuwa ta naira 120,000 mai shekara shida tsada nesa ba kusa ba.

Ƙirar akwatin ita ma tana da ta cewa. Tsofaffin amfilifayoyi masu manyan kayan ciki da ƙafafunsu suka ratsa fanel, duk mai gyaran rediyo da ya san aikinsa zai iya da su. Na zamani da ake jonawa da kwamfuta ta USB, waɗanda ke ɗauke da ƙwayar juya sautin kwamfuta zuwa na kunne, kayan cikinsu ƙanana ne kamar ƙwayar gero, wasu ƙwayoyin kuma suna ɗauke da manhajar kamfani da ba a sayarwa a kasuwa. Idan irin wannan ƙwaya ce ta mutu, yawanci babu abin yi. Ƙananan nan kuma da kuɗinsu bai kai dala 50 ba a Turai da Amurka, idan matsalar ta wuce adafta ko rami ko maɓalli, kuɗin motar kai su da ɗauko su kaɗai ya isa ya ɓata lissafin.

Abin da bai kamata ya shiga lissafi ba shi ne kuɗin da aka riga aka kashe. Mai situdiyo kan ce ya sayi akwatin da tsada, ya kuma gyara shi sau biyu, don haka ba zai yar ba. Waɗancan kuɗi sun tafi ko ya gyara ko bai gyara ba. Gyara na uku kan ciwo ɗaya shaida ce cewa ko dai ba a gano tushen ciwon ba, ko kuma na'urar ta gama yayinta.

Tsakanin mai kaya da mai gyara

A shekarar 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayanin yadda kasuwa ke lalacewa idan ɓangare ɗaya ya san ingancin kaya ɗayan bai sani ba. Da tsofaffin motoci ya ba da misali, amma bayanin ya zauna daram a kan tebur ɗin mai gyara da kuma shagon kayan tokunbo. Mai kaya ba ya ganin abin da aka cire ko aka sa, jabun aisi da kwandansa kuma suna yawo a kasuwa da tambarin manyan kamfanoni. Hanyar rage wannan gibi ba ta da wuya. A biya kuɗin bincike daban, a ji sakamakonsa da farashin gyara kafin a ce a ci gaba. A nemi a dawo da kayan da aka cire. A gwada akwatin a wurin da hedfon marar tsada, kowane rami, na tsawon lokacin da zai ɗumama, domin wasu matsalolin ba sa fitowa sai na'ura ta yi zafi. Mai gyaran da ya amince da aikinsa ba ya ƙin ba da wa'adin wata ɗaya ko biyu.

Wanda ya zaɓi saye shi ma yana da nasa abin lura. Kayan tokunbo da suka fito daga Amurka da yawansu bolt 120 aka yi su dominsa, wutar Nijeriya kuwa bolt 230 ce, kuma jonawa ɗaya ta isa. Sabuwa kuma a karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikinta. Dokar gasa da kare haƙƙin masu sayayya ta 2018 ta amince da haƙƙin mayar da kayan da aka samu da aibi, amma wanda ba shi da takarda ba shi da abin nunawa. Idan kuma tsohuwar tana cikin wa'adin garanti, kada a bari kowa ya kwance ta, domin yaga hatimin kan soke garantin.

Ko wace hanya aka bi, tambaya ɗaya ta rage wadda aka fi mantawa da ita, wato me ya kashe ta. Idan hauhawar wuta ce lokacin da aka dawo da lantarki, ko lokacin sauyawa daga janareta, sabuwar ma tana kan hanyar tsohuwar. Sitabilaiza da soket mai kariya daga hauhawar wuta, da ɗabi'ar kashe amfilifaya kafin a tayar da janareta a kuma kunna ta bayan wuta ta daidaita, kuɗinsu ya kamata ya shiga cikin kasafin tun ranar da ake ciniki, ba sai an dawo kasuwa karo na biyu ba.